Akwatin da Bai Kira Kowa Ba

Wayarta ce ta mutu, shi ya sa ta shiga shagon.

Bara'atu ta taso daga makaranta, ta sauka a Sabon Gari don ta saya wa Innarta magani, sai ta ga fuskar wayar ta yi baƙi. Tun safe babu wuta a Gusau. A duk layin, shago ɗaya ne fanka ke juyawa a ciki, ga faifan sola a kan rufinsa. Ta yi sallama.

Wani saurayi ne zaune, ya sunkuya a kan ɗan koren allo da bai fi tafin hannu ba, kwamfuta buɗe a gabansa.

"Malam, don Allah ko zan ɗan samu caji?"

"Ga rami nan a jikin kwamfutar, sa abinki," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba.

A garin nan ba a hana mutum caji. Kamar ruwan sha ne, wanda ya roƙa sai a ba shi, ba a tambayarsa ɗan gidan wane ne. Ta soka wayarta, ta tsaya jira, idonta ya sauka a kan fuskar kwamfutar.

"Wannan ba manhajar gwaji ba ce, ta kamfanin da ya ƙera allon?"

A nan ne ya ɗago. Ya kalle ta, ya manta da abin da ke hannunsa.

"Ina kika san ta?"

"Kwamfuta nake karantawa. Ko an ce maka mata ba sa ganin allo?"

Ya yi dariya, ya jawo mata kujera. Sunansa Ashiru, ɗan Bilbis ne ta ƙasar Tsafe, ya karanci aikin lantarki. Ya ce akwai ƙauyuka bayan Furfuri da bayan Bilbis da ba su da sabis ko kaɗan. Mace za ta fara naƙuda, babu yadda za a kira mota. Shi da wasu matasa suka haɗa ƙarfi suna ƙera ɗan akwati mai maɓalli ɗaya. In an danna, sigina za ta tashi kamar ta rediyo zuwa ɗakin shan magani mafi kusa, inda aka ajiye mota da direba.

"Wannan allon shi ke haifar da siginar," ya ce. "Amma sai an gaya masa a kan wace mita zai yi magana. Manhajar nan ita ke rubuta masa mitar a cikin memorinsa, don in an kunna shi a ƙauye, inda babu kwamfuta, ya tuna."

"To me ya sa kake hararar ta kamar ta yi maka rashin kunya?"

"Wani lokaci takan ce ta rubuta, ta nuna kore. In na kashe akwatin na kunna, sai in ga ya manta. Ba kullum ba, sai ta ga dama."

"Me ke jawo shi?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Haka take yi. Sai in sake rubutawa."

"Haka take yi ba amsa ba ce, Injiniya."

Ya yi murmushi, ya ce zai bincika in ya samu sarari. Bai samu ba. A ƙasar nan wa yake samun sararin tambayar dalili? Famfo ya ƙi ruwa, haka yake yi. Gada ta tsage, haka take yi. Muna faɗin kalmar nan muna wucewa, har ranar da za ta tsaya a ƙofar gidanmu.

Washegari ta dawo, wai wayar ta sake mutuwa. Jibi ma haka. Kafin wata ya ƙare ya sa mata suna.

"Mai Caji, yau shagon shiru. Ramin kwamfutar nan ya tambaye ni ko kin yi fushi da shi."

Ta karanta saƙon a aji, ta rufe baki da mayafi.

"Ka ce masa ina da jarabawa. Kai kuma mai shagon ba ka da baki ne, sai rami ya yi magana a madadinka?"

"Ina da baki, tsoro nake ji. In na ce ina son ki, zai zauna a memorinki ko zai goge in an kashe an kunna?"

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Ya zauna, Injiniyana. Gwada ka gani."

Mahaifinta, Alhaji Ɗahiru, mai motocin haya ne a tasha, asalinsa mutumin Furfuri. Da maganar ta je kunnensa bai ce a'a ba, bai ce i ba.

"Mi yaron nan ke yi takamaimai? Wasa da wayoyi? Ni na fi gane mutumin da in ya ce ga sana'ata, sai in gan ta da ido."

Wadda ta tsaya mata ita ce yayarta Zulai. Ita ta goye ta tana ƙarama, ita ta koya mata kitso da ƙarya in an fasa kwano. Zulai tana aure a wani ƙauye bayan Furfuri, mijinta Nura manomi ne, ga ta da tsohon ciki na fari bayan shekaru ana jira. Ranar da ta shigo Gusau awo, ta ce sai an kai ta ta ga wannan injiniya.

Ta shiga shagon tana dafe da ƙugu, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Kai ne ka sa ƙanwata ta daina cajin waya a gida? Ga soket a ɗakinta lafiya lau, amma kullum waya ta mutu a Sabon Gari."

Ashiru ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Yaya, ai wutar nan ta fi ta gida kyau."

"Na ga alama. To ji nan, in kana son in yi maka kamfe wurin Baba, sai ka biya ni. Akwatin nan naka, ƙauyenmu za ka fara kai wa. Ka ga dai halin da nake ciki."

"Na farko naki ne, Yaya."

"Shi ke nan, na sayar maka da ita. Ka kula, ba ta iya miyar kuka ba."

"Yaya!" in ji Bara'atu, suka kwashe da dariya su uku.

Ranar kasuwa Nura ya zo karɓar akwatin. Motar Furfuri ta cika, direba yana ta danna oda a bakin titi, hadari ya haɗo ta gabas. Ashiru ya haɗa akwatin da kwamfuta, ya danna a rubuta. Wayar Bara'atu tana soke a ramin gefe kamar kullum, tana shan wuta.

Manhajar ta nuna kore. Ya danna maɓallin akwatin, na'urar karɓa da ke kan teburinsa ta yi ƙara. Ya miƙa hannu zai kashe ya kunna, ya tabbatar bai manta ba.

"Malam Ashiru, motar nan za ta tahi ta bar ni," in ji Nura daga bakin ƙofa.

"Ai ta nuna kore, kuma ka ji ya yi ƙara," in ji Bara'atu. "Ba shi kawai, kada ruwa ya tare su a hanya."

Ya cire wayar haɗi, ya naɗe akwatin a leda. Ya ce wa Nura kada a danna sai da dalili, don kada mota ta taso a banza. Nura ya rungume shi kamar jariri, ya ruga.

Akwatin ya yi ƙara a kan tebur ne domin kwamfuta tana riƙe da shi, tana gaya masa mitar kai tsaye. Abin da ya shiga memorinsa kuwa rabi ne. Babu wanda ya sani.

Naƙuda ta zo wa Zulai da hantsi, ana tsakiyar damina. Ta haihu kafin azahar, 'ya mace, sai jini ya ƙi tsayawa. Nura ya danna maɓalli, jar fitilar akwatin ta kama, alamar saƙo ya tashi. Maƙwabcinsa ya fito da babur ya ce a ɗora ta.

"A'a, a bar ta kwance," in ji Nura. "Mota na tahe. Na kira."

Suka jira. Ya sake dannawa, fitila ta sake kamawa. A ɗakin shan magani na Bungudu direba yana zaune a gindin bishiya kusa da motarsa, tanki cike da mai, na'urarsa a kunne, bai ji komai ba. Akwatin yana ta ihu a kan wata mitar da babu mai saurare.

Da la'asar suka haƙura suka ɗora ta a babur. Ba ta kai Furfuri ba.

Ashiru ya zo ta'aziyya gidan Alhaji Ɗahiru, ya durƙusa a gefen tabarma cikin mutane. Alhaji ya bari aka shafa fatiha, sannan ya juyo.

"Kai ne mai akwatin?"

"Ni ne, Baba."

"Da babu akwatinka, da tun azahar sun ɗora ta a babur. Ka sani?"

"Na sani."

"Ka ba mutane abu ka ce su dogara da shi. Sun dogara. Ɗiyata ta kwanta tana jiran motar da ba ka kira ba." Ya tsare shi da ido. "Ka taɓa ganin abin nan ya yi gardama kafin ka ba su?"

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare."

"Na san kwana ya ƙare, ba Allah nake tuhuma ba. Yaron nan nake tambaya."

Ashiru bai ɗago ba. "Na taɓa gani, Baba. Laifina ne."

"To tashi. Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana, kuma ka cire sunan Bara'atu daga bakinka."

Bara'atu tana cikin gida, jaririyar a cinyarta, tana jin komai ta taga. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Kukan ya riga ya ƙare mata.

Bayan 'yan kwanaki saƙonsa ya shigo.

"Bara'atu, Baba ya yi gaskiya. Ba zan roƙe ki ki yafe mini ba, don ban kai nan ba. Na rufe shago. Ki riƙe 'yar Yaya da kyau. Allah ya ba ki wanda ya fi ni hankali."

Ko Mai Caji bai ce ba. Ta karanta, ta kife wayar, ba ta ba shi amsa ba. Tana jin haushinsa, tana kewarsa, tana jin haushin kanta da take kewarsa.

An sa wa jaririyar sunan uwarta, ana kiran ta Yaya Ƙarama. Damina ta wuce, aka yi girbi. Sai Ɗanlami, ɗan ƙanin Alhaji, mai shagon sayar da wayoyi, ya fara zuwa gaishe da Inna fiye da yadda ya saba. Mutum ne mai kirki, ba ya ɗaga murya. Alhaji ya ce wa Bara'atu ba zai tilasta mata ba, amma ta duba.

Ta fito suka zauna da Ɗanlami a zaure bayan la'asar.

"Yaya Ɗanlami, kai da ka san kayan waya, me kake gani ya hana akwatin nan kira?"

"Haba ƙanwata, me ya kawo wannan kuma? Kayan lantarki haka suke, yau su yi, gobe su ƙi. Ƙaddara ce. Ki bar tone-tone, ki huta."

Ta dube shi. Haka suke. Kalmar da ta kashe Zulai ce, an wanke ta an sake miƙo mata.

"Na gode, Yaya," ta ce. "Amma ni ba zan iya hutawa a kan abin da ban sani ba."

Ta aika wa Nura ya kawo mata akwatin. Sannan ta rubuta wa Ashiru saƙo na farko tun rasuwar.

"Ina son makullin shago. Ba don kai ba."

Amsa ta zo nan take. "Yana wurin tela maƙwabcina. Amma don girman Allah ki bar shi, Bara'atu. Na riga na ce laifina ne, bai isa ba?"

"Bai isa ba."

Shagon yana nan yadda ta san shi, sai ƙura a kan tebur. Ta kunna kwamfutar, ta haɗa akwatin, ta karanto abin da ke cikin memorinsa. Farkon daidai yake, ƙarshen kuwa shirme ne. An fara rubutu, ba a gama ba, manhajar kuma ta ce an gama.

Ta ɗauko wani allon, ta rubuta, ta kashe, ta kunna. Ya tuna. Ta sake, ya tuna. Ta canja wayar haɗi, ta sa tsohuwa mai lanƙwasa. Ta kashe fanka ta bar allon ya yi zafi. Ta girgiza tebur ana cikin rubutu. Ta buɗe wasu manhajoji don kwamfutar ta yi nauyi. Kullum in ta taso makaranta nan take zuwa, kuma kullum abin sai ya rubutu lafiya, kamar yana yi mata dariya. Ta yaya za ka gyara ciwon da ya ƙi fitowa a gabanka?

Wata rana da yamma wayarta ta yi ƙara, batir ya kusa ƙarewa, ga shi Inna za ta kira a kan maganin jaririya. Ta kai hannu ramin gefe ba tare da ta duba ba. Waya ta ƙi shiga. Ta leƙa, sai ta ga an liƙe ramin da baƙin salatif, an liƙe na kusa da shi ma. Ta yi tsaki, ta ɓare, ta soka wayarta, ta koma kan aiki.

Ta rubuta. Kore. Ta kashe, ta kunna.

Allon ya manta.

A hankali ta cire wayarta, ta sake rubutawa. Ya tuna. Ta mayar da wayar. Na farko ya tuna, na biyu ya manta. Ta ɗauko ma'aunin wuta ta ɗora. Duk sa'ad da waya mai yunwar caji ta shiga ramin, sai wutar da ke zuwa wa allon ta ɗan faɗi. Ba ta faɗuwa har allon ya mutu, amma memorin ba ya iya kammala rubutu a kanta. Manhajar kuwa ba ta komawa ta duba, da ta aika sai ta nuna kore.

Ta tuna ranar kasuwa. Odar direba, hadari a gabas, wayarta a soke. Ta tuna muryarta tana cewa, ba shi kawai.

Sai ta dubi guntun salatif ɗin da ke manne a yatsanta. Ashiru ne ya liƙe ramukan. Ya riga ta ganowa, ya san wayar wa ke ciki a ranar, shi ya sa ya roƙe ta ta bari. Ya rufe bakinsa ya tafi da abin shi kaɗai.

Ta kifa kai a kan teburin. Tela ya ji kukan, ya leƙo, ya koma.

Nura ne ya raka ta Bilbis. A hanya ta gaya masa duka, tana jiran ya tsane ta. Ya daɗe yana kallon gonakin dawa da aka girbe.

"Ni na ce a bar ta kwance," ya ce. "In rabon laifi za a yi, kowa ya kawo kwanonsa."

Sun sami Ashiru a zauren gidansu, ya rame, takalmansa duk jar ƙasa. Mahaifiyarsa ta ce tun bayan rasuwar bai zauna ba, ƙauye-ƙauye yake bi a kan babur, yana karɓo sauran akwatunan da ya raba bayan na Zulai, yana sake rubuta su da kwamfutar aro. Da ya ga Bara'atu ya miƙe, ya ga salatif ɗin a tafin hannunta, sai ya koma ya zauna.

"Yaushe ka sani?" ta ce.

"Bayan na dawo daga ta'aziyya."

"Kuma ka yi shiru."

"Me zan ce miki? In ce wayarki ce? Ke da ke goyon 'yarta?" Idonsa ya kawo ruwa. "Kuma ba wayarki ba ce, Bara'atu. Kowa na sa caji a nan, ni nake cewa a sa. Ni ne na ga abu yana gardama na ce haka yake yi. Ranar farko kika gaya mini ba amsa ba ce."

"Ranar ƙarshe kuma ni na ce ka ba shi kawai."

Nura ya fita waje.

"Ka ji tausayina, na sani," ta ce. "Amma ka yi kuskure na biyu. Kai kaɗai ne ke aiki da manhajar nan a duniya? Abokanka da ke haɗa nasu akwatunan fa, su ma ba a sa caji a kwamfutocinsu? Salatif ka liƙa ka gudu. Gobe wani ya ɓare, kamar yadda na ɓare."

Ya sunkuyar da kai. "Ban yi tunanin nan ba. Ke kawai nake tunani."

"To daina tunanina, ka tashi mu yi aiki." Ta ajiye salatif ɗin a gabansa. "Injiniyana, na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai, kai ma ka gaji."

Ya ɗago ya dube ta. "Mai Caji," ya ce a hankali, kamar mai taɓa ciwo. Ta rufe fuska da mayafi.

Suka koma shagon, ƙofa a buɗe, tela yana jin su. Ita ta rubuta 'yar manhaja da ke komawa ta karanto duk abin da aka rubuta, ta gwada shi da na asali, in ko harafi ɗaya ya saɓa ta nuna ja ta ƙi sakin akwatin. Shi ya ba allon wutarsa daban. Suka canja fitilar, ba za ta ƙara kamawa don an danna ba, sai in direba ya amsa daga can. Suka sa doka, duk Juma'a da safe kowane ƙauye ya danna gwaji. Suka rubuta bayanin matsalar a fili, da sunayensu, suka aika wa abokan aikinsu da kamfanin da ya yi manhajar.

Saura Alhaji.

Ta same shi a ɗakinsa bayan ya dawo daga tasha, Yaya Ƙarama tana barci a kafaɗarsa. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da abin da ta ce ranar kasuwa.

Hannunsa yana shafa bayan jaririyar.

"Yaron nan ya san haka, ya bar ni na ci mutuncinsa a gari, ya ƙi buɗe baki?"

"Ya sani, Baba."

"Kira mini shi."

Ashiru ya zo ya durƙusa a inda ya durƙusa ranar ta'aziyya.

"Mi ya hana ka faɗa mini wayar ɗiyata ce?"

"Domin ba ita ba ce, Baba. Abin da na faɗa ranar shi ne gaskiya. Na ga alama na ƙyale. Da na bi ta tun farko, da ko waya goma aka sa babu abin da zai faru."

Alhaji ya goge ido da bakin rawaninsa. "Shekara nawa ina tasha. Direba ya ce birki na ɗan ja gefe, in ce a lallaɓa a je a dawo, haka yake yi. Allah ne kawai ya rufa mini asiri." Ya numfasa. "Zulai ba za ta dawo ba. Ban ce na daina jin zafi in na gan ka ba, ban san ranar da zan daina ba. Amma ita ta zo nan ta zauna ta ce mini, Baba, yaron nan ba ya ƙarya. Ban saurare ta ba tana da rai. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla, ba kiɗa, ba taro mai yawa. Ɗanlami ya zo, shi ya raba goro. Nura ya zo daga ƙauye, ya ce a ranar Juma'ar da ta wuce ya danna gwaji, fitila ta kama kore, direba ya amsa daga Bungudu. Ya faɗa yana murmushi, hawaye na zuba, babu wanda ya ce ya daina.

Da za a kai amarya, Alhaji ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku zama masu tambayar dalili. Allah ya jiƙan wadda ta haɗa ku." Inna ta ɗaura mata Yaya Ƙarama a baya na ɗan lokaci, don ta shiga ɗakinta da ita kamar yadda Zulai ta so ta raka ta.

Ranar da suka sake buɗe shago, Bara'atu ta ga sabon abu a bakin ƙofa. Ashiru ya kafa katako da soket a jere, da batirinsa daban, nesa da teburin aiki, ya ajiye benci a ƙarƙashi.

"Na ɗauka za ka hana caji gaba ɗaya," ta ce.

"A garin nan? Da na hana caji ranar nan, da ina zan same ki?"

Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa, waya a hannu, tana ɗan jin nauyi. "'Yan nan, don Allah ko zan samu caji?"

Bara'atu ta karɓi wayar da hannu biyu, ta soka mata a kan katakon.

"Zauna, Inna," ta ce. "Ki sha har ta cika."